Darasi Na Tara: Gafiya, Gyazbi da Danginsu a Tsibirai da Kan Duwatsu

Duk wanda ya taɓa tashi da safe ya tarar an huda masa buhun dawa, ko ya je fadama ya iske an yanke masa rake tun daga gindi, ba ya bukatar malami ya karanta masa laifin ɓera da danginsa, domin ya haddace shi tun yana yaro. Abin da yake bukata, wanda kuma shi ne maƙasudin wannan darasi, shi ne a rarrabe masa tsakanin waɗannan dabbobi, ya san wanne ne ɗan ƙasa wanne ne baƙo, wanne ke cin rumbu wanne ke zaman daji, sa'an nan ya fahimci abin da ke aukuwa gare su idan mazauninsu ya yi ta ƙuntata har ya zama tsibiri, ko da ruwa ne ya kewaye shi, ko kuwa gonaki.

Masana halittu sun tara ɓera, wanda mutanen yamma suke kira kusu, da gafiya, da gyazbi, da kurege, da beguwa a dangi guda, bisa hujjar cewa kowannensu yana da haƙoran gaba huɗu, biyu sama biyu ƙasa, waɗanda ba su daina tsiro muddin ransa, har ya zama wajibi gare shi ya riƙa gaigayar abu mai tauri don ya rage musu tsawo. Nau'o'in wannan dangi sun haura 2,000 a duniya, watau wajen kashi 40 cikin ɗari na dukkan dabbobi masu shayarwa. Jaba da bushiya ba sa cikinsu, domin su ƙwari suke ci, zomo ma danginsa dabam, ko da yake jama'a kan haɗa su.

Sunan wannan dangi ya daɗe da ɓaci. Masu tafsiri sun ruwaito cewa madatsar ruwan Ma'arib ta mutanen Saba'i, can ƙasar Yaman, ɓera ne ya yi ta haƙar gindinta har ta karye. Malaman fiƙihu kuma sun lissafa ɓera cikin dabbobin nan biyar masu ɓarna waɗanda ya halatta a kashe su ko ga wanda ya yi harama da aikin Hajji. Babu mai jayayya da wannan. Amma hukuncin da aka yanke wa ɓeran da ke shiga ɗaki ya ɓata abinci, ba adalci ba ne a shimfiɗa shi a kan kowace dabba mai dogayen haƙora da Allah ya ajiye a daji, alhali wasunsu ba su taɓa taka tsakar gidan kowa ba.

Mu fara da na gida. Gafiya, wadda ake kiran namijinta burgu, tana kai kilo ɗaya ko ɗaya da rabi, tana fita da dare, tana da aljihu a kowane kunci inda take cusa 'ya'yan itace da ƙwaya ta kai rami ta adana, kuma daga nan ne Bahaushe ya samo karin maganarsa da ya ce gafiya tsira da na bakinki. Ba dukkan abin da ta binne take komawa ta ci ba. Abin da ta manta, idan damina ta sauka, shi ke tsirowa, ta haka ta zama mai shuka itatuwa ba da niyya ba. Cikinta wata guda ne, takan haifi ɗaya zuwa biyar. Gyazbi kuwa mazaunin fadama ne da bakin gulbi, inda ciyawa ta yi tsawo, ya iya iyo ƙwarai, babbansa yakan haura kilo biyar, kuma manomin rake da na shinkafa sun san aikinsa. Amma ga abin lura: macen gyazbi tana ɗaukar ciki wajen wata biyar, ta haifi 'ya'ya kamar huɗu, ba ta wuce haihuwa biyu a shekara. Beguwa ta fi su duka girma, tana fakewa a kogon dutse, haihuwarta ɗaya ne ko biyu galibi. Kurege shi kaɗai ke yawo da rana, kowa ya san shi a gonar gyaɗa.

Sai ku gwada wannan da ɓeran nan mai nonuwa da yawa, wanda ke kai da kawowa tsakanin gona da ɗaki: cikinsa mako uku ne da 'yan kwanaki, macen kuma takan zubar da 'ya'ya goma ko fiye a haihuwa guda, ta sake ɗaukar wani cikin ba da jimawa ba. Ku riƙe wannan bambanci da kyau, domin a kansa dukkan mas'alar take: wanda ke haihuwa a hankali, idan aka matsa masa, ƙarewa yake yi, wanda ke haihuwa da gaggawa kuwa, matsin ma sarari yake ba shi.

Akwai kuma baƙo, watau baƙin ɓeran rufin ɗaki mai doguwar wutsiya, wanda asalinsa nahiyar Asiya ne, wajajen ƙasar Indiya, ya bi jiragen ruwa ya sauka garuruwan bakin teku, daga nan ya bi jirgin ƙasa da motocin kaya da kwalekwale ya shigo cikin ƙasa. Shi ne za mu sake gamuwa da shi nan gaba.

Tsibiran Yawuri

Mutumin Zuru ba ya bukatar ya ƙetare teku kafin ya ga tsibiri, domin idan ya nufi kudu maso yamma ya sauka Yawuri, zai iske kogin Kwara ya faɗaɗa ya rarrabu, ya bar gungu-gungu a tsakiyarsa, inda Gungawa suka zauna tun zamani mai nisa suna su, suna noman albasa da ban ruwa. A shekarar 1964 aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji, aka tare kogin a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Tsohon garin Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, ya nutse, mafi yawan babban tsibirin Foge ya nutse, aka tashi mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni. Mutane an gina musu gidaje, an kwashe su da kayansu. Dabbar da ke cikin rami kuwa, idan ruwa ya taso, ba ta da zaɓi sai ɗayan uku: ta yi iyo zuwa gaɓa in ta iya, ko ta haye ɗan tudun da ya saura ta cunkusu da 'yan'uwanta har abinci ya ƙare, ko ta mutu a raminta. Sa'ad da aka yi irin wannan madatsa a Kariba, a kan kogin Zambezi, ma'aikatan gandun daji sun yi shekaru, daga 1958 zuwa 1964, suna bin tuddai da jiragen ruwa suna ceto dabbobi, har suka fitar da wajen 6,000, suka kuma sa wa aikin sunan Annabi Nuhu, alaihissalam.

Abin da ya rage na tsibiran Foge an sa shi a 2008 cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, musamman saboda tsuntsayen ruwa da ke sauka can. Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya: tsibirin kogi ba ɗaya yake da tsibirin teku ba. Gungun Kwara yana kusa da gaɓa, gyazbi yana iya ƙetarawa, ambaliya tana kawo wasu a kan kututture, saboda haka in dabbobin wani gungu suka ƙare, akwai fatan wasu su zo su maye gurbinsu. Inda babu wannan fata, can ne musibar take cika, kuma don a gane ta sosai sai mu yi nisa.

Cikin tekun Indiya, kudu da tsibirin Jawa, akwai wani tsibiri da ake kira Kirsimeti, mai faɗin murabba'in kilomita 135, wanda yanzu yake hannun Ostireliya. Allah ya ajiye wasu ɓeraye iri biyu a can waɗanda babu su a ko'ina cikin duniya, kuma yawansu ya kai ga cewa wani masani daga gidan tarihi na Landan, Charles Andrews, da ya zauna can a 1897 zuwa 1898, ya ba da labarin yadda suke cika daji da dare suna shiga bukkoki suna cin duk abin da suka samu. Aka fara haƙar ma'adinin takin zamani a tsibirin, jiragen ruwa suka yawaita, a 1899 baƙin ɓeran nan ya sauka daga wani jirgi. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka sai aka riƙa ganin ɓerayen tsibirin suna fitowa da rana tsaka suna jan jiki a kan hanya suna mutuwa. Da Andrews ya komo a 1908 bai sami ko ɗaya ba. Shekara ɗari cif bayan komowarsa, a 2008, masu bincike suka gwada tsoffin fatun da aka adana a gidajen tarihi, suka sami alamar wata ƙwayar cuta ta jini, dangin wadda ke kawo sammore ga shanu, wadda ƙumar jikin baƙon ta ɗauko. Baƙon ya saba da cutar tun kaka da kakanni. 'Yan ƙasa ba su taɓa gamuwa da ita ba, kuma babu inda za su gudu.

Labari na biyu ya fi kusa da zamaninmu. Tsakanin Ostireliya da Papuwa Niu Gini akwai wani ɗan tsibirin yashi, Bramble Cay, wanda bai wuce hekta biyar ba, tudunsa kuma bai fi mita uku bisa ruwa ba, watau gonar mutum ɗaya mai ƙwazo ta fi shi faɗi. Wani ɗan ɓera mai jan gashi yana zaune can shi kaɗai, a 1978 an ƙiyasta akwai ɗaruruwansa. Teku ta yi ta tasowa tana malale tsibirin da ruwan gishiri har ciyawar da yake ci ta ƙone kusan duka. An yi masa gani na ƙarshe a 2009, aka kafa tarkuna a 2014 ba a kama komai ba, gwamnatin Ostireliya ta tabbatar da ƙarewarsa a 2019. An yi shawarar a kamo kaɗan a kiwata su a wani wuri, amma kafin a gama shawara babu sauran abin kamawa.

Daga irin waɗannan labarai ne masana suka fitar da wata ƙa'ida, wadda Robert MacArthur da Edward Wilson suka tsara a littafinsu na 1967, cewa yawan nau'o'in halittar da tsibiri zai iya riƙewa ya rataya ne ga abu biyu, girmansa da nisansa daga babbar ƙasa. Kuma bisa ƙiyasi, idan wuri ya ragu ya koma kashi ɗaya cikin goma, sannu a hankali zai rasa wajen rabin nau'o'in da ke cikinsa.

Ƙasar Zuru

To, mai karatu zai ce, ina ruwan Zuru da wannan, ƙasar da ke kan tudu? Amsa ita ce ƙa'idar ba ta shardanta ruwa ba. Dattawan Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, suna iya ba da labarin zamanin da jama'a ke zaune a kan duwatsu daji kuwa ya cika kwari. Yau al'amarin ya juya, mutane sun sauko, gonakin dawa da masara da gyaɗa sun haɗe daga wannan ƙauye zuwa wancan, abin da ya rage na daji shi ne kan dutsen da garma ba ta iya hawa, da bakin rafi, da ɗan kurmin da al'ada ta hana a sare, irin na Girmace da ke Zuru inda ba a taɓa kadoji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsibiri ne. Beguwar da ke kogon wani dutse, kafin ta kai dutse na gaba, sai ta ratsa fili mai tsawo wanda ke cike da karnuka da tarkuna da hanyar mota, kuma idan an kashe ta ƙarshe a wannan dutse, ba lalle ne wata ta taɓa zuwa ba.

Ƙungiyar duniya mai kula da kiyaye halittu, IUCN, wadda aka kafa a 1948, tana da jerin halittun da ake jin tsoron ƙarewarsu, kuma gafiya da gyazbi da kurege da beguwa duk ta sa su cikin waɗanda babu fargaba a kansu, domin suna da yawa a faɗin Afirka. Wannan gaskiya ne, ba mu kuwa son kowa ya fita ajin nan yana cewa gafiya ta kusa ƙarewa a duniya. Amma hukuncin nahiya dabam, hukuncin ƙauye dabam. Kasancewar beguwa a gandun dajin Kainji, ɓangaren Borgu ko na Zugurma, ba ya amfanar yaron Dabai ko na Ribah da zai girma bai taɓa ganin ƙayarta ba.

Babban abin da ke cinye waɗannan tsibirai namu shi ne wuta. Da kaka ta wuce ciyawa ta bushe, sai samari su fita da karnuka da sanduna su cinna wa daji wuta don su kori gafiya da gyazbi, su tura hayaƙi cikin rami. A kama guda biyar ko shida, a ƙone abin da ya fi su daraja nesa ba kusa ba, watau ciyawar dabbobi, da 'yan itatuwan kaɗanya da ɗorawa da suka fara tasowa, wani lokaci har da amfanin gonar da ba a kwashe ba. Maganar halaccin cin naman mun bar wa kowa da malamansa, domin a ƙasar Zuru akwai masu ci akwai waɗanda ba sa ci, kuma ga gidaje da yawa shi ne naman da ake samu ba da kuɗi ba. Amma ƙona mai rai da wuta, Musulunci ya hana shi, kuma ɓarnar dukiyar jama'a saboda ɗan abin miya israfi ne a kowane addini. Ga kuma abin da masu cinna wutar ba su lura da shi ba: ɓeran nan mai nonuwa da yawa yana cikin na farko da ke mamaye ƙasar da ta ƙone, kuma idan abinci ya yi ƙaranci a waje, gidaje yake shiga. Shi ne kuwa mai ɗauke da zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa, cikin jihar Borno ta yanzu, wadda ake kamuwa da ita ta hanyar fitsarinsa da kashinsa a cikin abinci, kuma wadda ta fi tsananta da rani. Ashe wanda ya ƙone daji ya kori mai haihuwa huɗu ne ya share wa mai haihuwa goma fili.

Guba ma haka take. Maganin ɓeran da ake saye a kasuwa a barbaɗa a ko'ina ba ya tambayar wanda ya ci shi. Kaza ta ci, kyanwar da ta cinye mataccen ɓera ta bi shi, mujiya ma haka. Mujiya kuwa, duk da baƙin jinin da camfi ya jawo mata har yara ke jifanta, babu ma'aikacin da ya kai ta kashe ɓera a kusa da rumbu, kuma ba ta karɓar lada.

Kada a ɗauka cewa ɗan ƙasa salihi ne a ko'ina. Wajen shekarar 2000 wasu gafiyoyi irin namu suka kuɓuce daga hannun wani mai kiwonsu a tsibirin Grassy Key na jihar Fulorida a Amurka, suka hayayyafa, hukuma ta yi shekaru tana kashe kuɗi tana farautarsu. A 2003 kuma Amurka ta hana shigo da dangin ɓera daga Afirka, bayan da wasu da aka kai daga Gana suka shigar da cutar ƙyandar biri. A wani gefen kuma, a garin Morogoro na Tanzaniya, ƙungiyar APOPO tana horar da wata 'yar'uwar gafiya ta shinshino nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, ta kuma gane tarin fuka a cikin kakin majiyyaci. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, har lambar zinariya aka ba shi a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya. Kusan dabba ɗaya ce, a nan abinci, a can annoba, a can kuma ma'aikaciya. Kowace halitta tana da muhallin da aka daidaita ta da shi, kuma mafi yawan fitina daga hannun ɗan Adam take, ko ya ɗauke ta daga muhallinta, ko ya ɗauke muhallin daga ƙarƙashinta.

Abin yi ba mai wuya ba ne, kuma yawancinsa kakanninmu sun san shi. Rumbu a ɗora shi bisa duwatsu, a shafe tsagoginsa, a rufe bakinsa. Abinci a rufe shi, a daina shanya gari da rogo a ƙasa a bakin hanya. A yi maganin ɓeran gida da tarko da kyanwa kafin a kai ga guba, in kuwa an kashe shi kada a taɓa shi da hannu. Wannan shi ne yaƙi da mai laifi. Na daji kuwa, abin da suke bukata shi ne masu unguwanni da dagatai su tsaya a kan hana farauta da wuta, a share iyaka a kewayen dutse da kurmi kafin iskar hunturu ta taso, a kuma bar ciyawa da itatuwan bakin rafi yadda suke, domin su ne hanyar da ke sada wannan tsibiri da wancan. Manomin da ya nome gonarsa har cikin rafi ya yanke wannan hanya, ya kuma buɗe wa zaizayar ƙasa ƙofa a gonar tasa. Wanda ke sha'awar naman gyazbi yana iya kiwonsa a keji da ciyawa da karan masara: an gwada haka a Jami'ar Badun tun shekarun 1970, a Jamhuriyar Benin da Gana kuma ya zama sana'ar da ake ci da iyali. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan Zuru, wadda aka kafa a 2020 a harabar tsohuwar kwalejin aikin gona. Haƙƙin manoma ne su je su nemi a koya musu, haƙƙin malamanta ne kuma su hau duwatsun nan su ƙidaya abin da ya saura a kai.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya sami dattijo guda a unguwarsu, namiji ko mace, ya tambaye shi waɗanne daga cikin dabbobin nan ake gani a dutsen ƙauyensu ko fadamarsu sa'ad da yake yaro, waɗanne ne kuma ake gani yanzu, da shekarar da ya yi wa beguwa gani na ƙarshe. Ku rubuta amsar da hannunku, da Hausa, ku haɗa da sunan kowace dabba da harshen C'lela ko harshen gidanku, ku zo da ita aji a karanta.